Babi na Bakwai: Mai Awon da ke Cikin Inji

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai awon hatsi a kasuwar Dawanau ya san ciniki gaba ɗaya a hannun mai riƙe da mudu yake. In ya tauye, mai saye ya cutu. In ya zarce, mai kaya ya yi asara. Injin gas ma yana da nasa mai awon, wato famfon nan da kanikawa ke ce wa injekta famfo, wasu su taƙaita su ce injekta kawai. Shi ke auna man da kowace silinda za ta sha, ya matse shi da ƙarfi, ya tura shi daidai lokacin da fistan ya kusa kaiwa ƙololuwa. Injin fetur yana da fulogi mai kunna masa wuta. Injin gas ba shi da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da in aka fesa mata mai sai ya kama da kansa. Don haka ƙarfin injin da gudunsa da hayaƙinsa, har ma da tsayawarsa in an kashe shi, duk a wuyan wannan awo suke.

A dubi ƙanƙantar abin da ake aunawa. Injin Perkins mai silinda 4, irin wanda ke cikin tarakta Massey Ferguson 375 da ta cika gonakinmu, in yana jan garma da dukkan ƙarfinsa, abin da famfon ke ba silinda a fesawa ɗaya kusan ɗigon ruwa guda ne. In kuwa yana tsaye yana silo, ɗigon nan sai an raba shi gida biyar ko shida. Injin in yana juyi 2,000 a minti, famfon zai yi fesawa 4,000 a wannan minti, wato kusan 67 a kowace daƙiƙa, kuma ana so kowace silinda ta samu daidai da 'yar'uwarta. Ƙarfen da ke wannan aiki, filanja da gidanta, ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce maikiron 2 zuwa 4 ba. Silin gashin kan mutum yakan kai maikiron 70. Tun a masana'anta ake goga su tare har su dace, shi ya sa ba a ɗaukar filanjar wani gida a sa ta a wani.

Rudolf Diesel ya ga injinsa na farko mai aiki sosai a 1897 a garin Augsburg na Jamus, amma a lokacin da iska mai ƙarfi ake hura man cikin silinda, abin da ke buƙatar wani babban injin matsa iska a gefe. Nauyinsa ya sa ya fi dacewa da masana'antu da jiragen ruwa. Sai a 1927 kamfanin Bosch da ke Stuttgart ya fara ƙera famfon jere da yawa don sayarwa, daga nan injin gas ya samu shiga manyan motoci sosai. Ƙa'idar da aka kafa a wancan famfon har yau ita ke aiki a tsofaffin Marsandi da tifofi da janaretocin da ke garuruwanmu.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe a wannan babi na koye shi ne a wata damina, kuma da tsada na koya.

Kawuna yana da tarakta irin wadda na ambata, da ita yake noman gonarsa, yana kuma yi wa mutanen ƙauyuka uku haro. Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu, mutane sun biya kuɗin kafin alƙalami, sai tarakta ta ɓullo da wani hali. Da safe ta tashi lafiya lau, bugu ɗaya. Ta yi aikin minti ashirin ko talatin, sai ƙarfinta ya fara raguwa, muryarta ta riƙa hawa da sauka, daga nan ta mutu a tsakiyar kunya. In aka bar ta ta huta, aka cire mata iska, sai ta tashi kamar ba abin da ya faru. Bakaniken da aka fara kira ko murfin tanki bai buɗe ba. Ya saurara, ya girgiza kai, ya ce injekta ce. Ya tsinke wayar dalmar da ke jikin sukurun gudu, ya murɗa, tarakta ta ƙara ƙara amma cutar na nan. Washegari ya kwance famfon, aka naɗe shi a buhu, aka ce ni zan kai shi Kano.

Dattijon da na kai wa ya shekara da yawa yana wannan sana'a. Shagonsa ƙarami ne, amma teburin aikinsa an shimfiɗa masa farin kwano, ba ko ƙura a kai. Bai taɓa famfon ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Da safe tana tashi? Wane irin hayaƙi take yi kafin ta mutu? In ta mutu, kwalbar filta cike take ko ta ragu? Daga ina kuke zuba mata mai? Na amsa abin da na sani. Ya ɗora famfon a injin gwaji, ya kunna, mai ya riƙa taruwa a kwalabe huɗu masu zane. Ya kashe, ya nuna mini su. Duk kansu ɗaya.

"Ɗana, wannan famfon lafiyarsa ƙalau, in ban da sukurun da aka taɓa," in ji shi. "Yunwa ake bar shi da ita. Koma ka leƙa tankinku."

Na ce, "Baba, an ce mana ko shakka babu shi ne."

Ya ce, "An bar jaki ana dukan taiki. Famfo abin da aka ba shi yake aunawa. Je ka duba, in ba ka ga komai ba ka dawo, ba zan karɓi ko kwabo ba."

Da muka zazzage tankin, sai ga wani ɗan yankin leda, bai kai tafin hannun jariri ba, irin wanda masu sayar da mai ke sawa a ƙarƙashin murfin jarka don kada ya zuba. Yana yawo cikin mai, in inji ya ɗauki lokaci yana zuƙa sai ya zo ya manne a bakin bututu. In inji ya mutu zuƙa ta tsaya, sai ya saki ya ci gaba da yawonsa. Kwana tara tarakta ta yi a tsaye a lokacin da kowace safiya kuɗi ce, wasu manoman suka karɓe kuɗinsu suka nemi shanu. Har yau in na tuna wannan damina raina yana ɓaci, domin aikin awa ɗaya ne da an fara daga inda ya kamata.

Inda ya kamata a fara shi ne tanki, a bi mai sawu da ƙafa har zuwa bakin famfo. Murfin tanki yana da ɗan ramin shaƙar iska. In laka ta toshe shi, tanki sai ya riƙe mai, kuma alamarsa ita ce in ka buɗe murfin bayan inji ya mutu za ka ji ya ja iska, fuu. Sai filta. Filtar nan mai lamba 296 da ke jikin injinan Perkins da yawa tana da kwalba a ƙasa, ruwa da dauɗa suna kwanciya a nan ido na gani. Sai ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki, wanda robar cikinsa kan tsage da tsufa. Akwai kuma wani ɗan rariya a daidai inda mai ke shiga babban famfon, wanda mutane da yawa ba su ma san da shi ba.

Gwaji biyu ne suka fi raba gardama, kuma ba sa cin kuɗi. Na farko, a sa guntun tiyo fari mai nuna ciki tsakanin filta da famfo, a tayar da inji a zuba ido. In kumfa na wucewa jere-jere, inji na shan iska ne ta wani wuri: tiyon da ya bushe ya tsage, wosha da aka maimaita, ko robar filta da ba ta zauna daidai ba. Wurin da ke shan iska sau da yawa ba ya ɗigar da mai, domin ɓangaren zuƙa ne, shi ya sa nemansa da ido kawai ke wahalar da mutum. Na biyu, a samu jarka mai tsabta da man da aka amince da shi, a rataye ta sama da inji, a haɗa ta kai tsaye da filta sabuwa, a bar tanki gefe. In inji ya warware, famfo ya fita daga zargi. Da an yi wa taraktar kawu wannan, da ba ta kwana a tsaye ba.

Kada a manta da hanyar da rarar mai ke bi ta koma tanki. A famfunan juyi, in wannan hanya ta toshe, matsi yana taruwa a cikin gidan famfo har ya hana awo tafiya daidai, inji ya yi sanyi ya mutu. A famfon Bosch samfurin VE, da irinsa da Denso ke ƙerawa wa tsofaffin Hilux da Land Cruiser, kusar da ke bakin hanyar komawa tana da rubutun OUT a kanta, kuma raminta ɗan tsurut ne kamar bakin allura, da gangan aka yi shi haka. Ta yi kama da kusar hanyar shiga. In yaron gareji ya musanya su wajen mayarwa, mota za ta tashi, ta yi silo lafiya, amma da an taka totur sai ta shaƙe. An sha kwance famfo mai lafiya saboda wannan kuskure.

Hayaƙi ma yana magana ga wanda ya iya saurare. Baƙi yana cewa mai ya fi iska yawa. Kafin a ce famfo ne ke zarce awo, a zare filtar iska a duba. A lokacin hunturu ƙurar da ke tashi tana iya cika ta cikin 'yan makonni, kuma inji mai turbo in tiyonsa ya fashe haka zai yi ta tuƙa baƙi. Fari mai yaji a ido, mai warin ɗanyen gas, yana nufin an fesa mai amma bai ƙone ba: ko lokacin fesawa ya yi latti, ko silinda ta rasa matsi, ko nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin silinda, na tsiyaya maimakon feshi. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, maganar ringi ce ko turbo, babu ruwan famfo. In inji na ɗingishi, a tsohon tsari akan sassauta notin bututun nozul ɗaya bayan ɗaya yana silo. Silindar da aka sassauta murya ba ta canza ba, ita ce mai barci. Sai a musanya nozul ɗinta da na maƙwabciya. In cutar ta bi nozul, an gano ɓarawo. In ta tsaya a silindar, sai a auna matsinta, sannan a waiwayi famfo.

Nozul kansa yana da abin gwaji mai hannu da agogo. Na injinan da ke fesawa kai tsaye kan fistan yakan buɗe ne a wajen bar 175 zuwa 250, gwargwadon samfuri. Don kwatance, iskar tayar ƙaramar mota bar 2 ce da ɗan ɗoriya. Lafiyayyen nozul yana feshi kamar hazo, da wata 'yar ƙara mai kaifi, ya yanke tsaf ba ɗigo. A nan dole in tsaya in ja kunne. Feshin nan yana huda fata. Ramin da zai bari bai fi tsinin allura ba, mutum ya goge ya ci gaba da aiki, alhali mai ya shiga cikin nama yana kashe shi. An yanke yatsu saboda haka. Kada a nemi yoyo da hannu, a yi amfani da guntun kwali. Wanda kuma feshi ya same shi ya tafi asibiti a wannan sa'a, ya gaya wa likita ainihin abin da ya faru.

To, idan an bi duk wannan hanya aka tarar mai na isowa da tsabta, iska na shiga, nozul na feshi, lokaci na kan alamarsa, a nan ne famfo ya cancanci tuhuma.

A famfon jere kowace silinda tana da filanjarta. Tafiyar filanja sama da ƙasa ba ta canzawa, ko ana silo ko ana hawan dutse. Dabarar tana cikin wata tsaga karkatacciya da aka yanka a jikinta. Filanja na hawa tana matsa mai, har sai tsagar nan ta iso daidai wani rami a jikin gidan, sai matsi ya zube, fesawa ta ƙare. In aka ɗan juya filanjar, tsagar za ta iso ramin da wuri ko a makare, awo ya ragu ko ya ƙaru. Wata sanda mai haƙora da ake kira rak ita ke juya su duka a tare, ita kuma gwamna ke jan ta, wato wasu ƙarafa masu nauyi da ke buɗewa in gudu ya ƙaru suna jayayya da sifirin. Direba in ya taka totur sifirin ɗin yake ja. Gwamna ne ke yanke yawan man da za a bayar.

Filanjar da dauɗa ta cinye tana da alamar da ba ta ɓuya. Da sanyin safiya inji na tashi, domin mai yana da ɗan kauri. In ya yi zafi aka kashe shi, sai ya ƙi tashi har sai ya huce, saboda mai ya tsinke yana sulalewa ta gefen filanja maimakon ya tafi nozul. Wasu kanikawa kan zuba ruwa a kan famfon juyi don tabbatar da wannan, in ya tashi su ce kan famfo ya ci. Gwajin yana faɗin gaskiya, amma ban yarda da shi ba, domin ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana iya sa gida ya matse abin da ke juyi a cikinsa ya kama, a tashi daga gyara a koma sayen sabo. A kan kowace filanja kuma akwai ɗan bawul mai riƙe sauran matsi a bututu, wanda ke sa nozul ya rufe da sauri. In ya gaji, silindarsa za ta riƙa ɗingishi da hayaƙi.

Cutar da ta fi ban tsoro ita ce rak ya maƙale. Tana yawan samun injin da ya daɗe a ajiye: injin ban-ruwa da ya yi damina a ɗaki, ko janaretan da aka yi watanni ba a tayar ba. Ruwan da ke cikin mai ya sa filanja ɗaya ta yi tsatsa, ita kuma ta riƙe sandar gaba ɗaya. In ta maƙale a wurin da babu mai, inji ba zai tashi ba, wannan da sauƙi. In ta maƙale a wurin cikakken mai, inji zai tashi ya yi ta hawa babu mai tsayar da shi, makulli ba ya jin magana, har sai ya tarwatse. Saboda haka duk wanda zai tayar da injin da ya daɗe a kwance, ko wanda aka mayar wa famfo yanzu, ya fara tabbatar da rak na tafiya sumul, ya kuma cire tiyon iska ya tanadi katako mai faɗi a hannu. In inji ya gudu, a kifa katakon a bakin shan iskarsa, zai mutu. Ba a sa tafin hannu, ba a sa tsumma.

Famfon da ke jikin taraktar kawu ba na jere ba ne, na juyi ne. Samfurin DPA ne, wanda kamfanin CAV na Ingila ya fara ƙerawa a 1956 bisa ƙirar wani Ba'amurke, Vernon Roosa. Shi awonsa a ƙofar shiga yake yi: wani ɗan bawul siriri ne ke juyawa ya buɗe ko ya rage hanyar da mai ke bi zuwa wurin matsawa. In ƙazanta ko danƙon tsohon mai ya sa bawul ɗin na ɗan kamawa, sai inji ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai, ko ya ƙi mutuwa in an ja waya. Famfon yakan yi yoyo ta sandar totur, kuma sauya robobin wurin ba wuya. Sai dai a ƙarƙashin murfin akwai sifirin ɗin gwamna da ke maƙale a ramuka, kowane gefe da zaɓi, kuma lambar da ke jikin farantin famfo ce ke faɗin ramin da ya dace da wannan inji. Wanda ya buɗe bai lura ba ya mayar a wani rami, ya canza halin injin gaba ɗaya. Yanzu da kowa ke da waya, a ɗauki hoto kafin a zare komai.

Maganar sukurun da aka ɗaure da dalma kuwa, ra'ayina a kanta ba ya rawa: a bar shi. Direbobi da yawa suna zuwa gareji su ce, "Oga, a ɗan ƙara mata wuta, ba ta jan kaya." A famfon VE sukurun cikakken mai a waje yake, rabin murɗi ya isa mota ta ji kamar sabuwa a ranar farko. Amma iskar da silinda ke ɗauka ba ta ƙaru ba. Rarar man sai ta zama baƙin hayaƙi da zafi, zafin ya sauka a kan fistan da bawul, wani sashe ya wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Raunin da ya kawo motar gareji, ko filta ce ko nozul ko matsi, yana nan an lulluɓe shi. Da man gas ya yi tsadar da ya yi a 'yan shekarun nan, hayaƙin da ke fita ta salansa kuɗin mai mota ne ke tashi sama.

Motocin zamani sun canza fasali, ba su canza ƙa'ida ba. Tun daga 1997, lokacin da Alfa Romeo da Marsandi suka fito da ƙananan motoci masu tsarin bututu guda, wanda kanikawa ke kira komon rel, aikin ya rabu: famfo ya tara matsi a bututu ɗaya, kwamfutar mota ta buɗe kowane nozul da lantarki. Matsin farko bar 1,350 ne, na yanzu yana haura 2,000. Awon da ya rage wa famfo yana hannun wani bawul mai lantarki a bakin shigarsa. A Hilux mai injin D-4D ana kiransa SCV. In ya fara kamawa, mota na mutuwa a danja, ko ta yanke ƙarfi a tsakiyar wuce wata mota, fitilar inji ta kama. Na'urar bincike kan nuna P0087, wato matsi ya yi ƙasa, ko P0088, ya yi sama, ko P0251, wadda ke nuni ga sashen awon famfo. Lambar tana faɗin unguwar da matsala take ne, ba ta nuna gida. Filta da ta toshe tana kawo P0087. Nozul guda da ke mayar da mai tanki fiye da kima yana zubar da matsin bututun duka har mota ta ƙi tashi, domin sai matsi ya kai wajen bar 200 zuwa 300 kwamfuta ke yarda ta fara fesawa. Ana gane shi da ƙananan kwalabe da ake haɗawa da hanyar komawar kowane nozul; wadda ta riga sauran cika nesa ba kusa ba, ita ce. Soket da ya yi tsatsa ko wayar da ɓera ya ci ma suna kawo lambar awo. A irin wannan mota ba a sassauta bututu inji na aiki, ko kusa.

In aka zare bawul ɗin awo aka ga wani gari mai ƙyalli kamar an barbaɗa azurfa a jikinsa, labari ya canza. Famfo ne ke cin kansa, kuma garin ya riga ya zaga nozul da bututu da tanki. Sauya bawul kaɗai a nan zubar da kuɗi ne. Sai an wanke tsarin duka an sauya abin da ya lalace. In kuma bawul ɗin ne kawai aka sauya, motoci da yawa suna buƙatar a sa na'ura a sanar da kwamfuta ta sake koyon sabon.

Duk waɗannan cututtuka, in ka bi salsalarsu, mafi yawa daga mai suke. Famfon juyi da yawancin na zamani ba su da wani man shafawa sai gas ɗin da ke ratsa su. Kananzir ba shi da santsin gas, shi ya sa a shekarun da ya fi gas araha, da ake cakuɗa su, famfuna suka yi ta mutuwa. Man da aka dafa a ɓoye a dazukan Neja Delta, da wanda ya kwana a durom ba murfi ruwan sama na shiga, da wanda aka tace da tsohon ɗankwali a bakin titi, duk ƙarshensu gidan filanja. Wanda ba shi da zaɓi sai sayen na durom, ya bar shi ya kwana ya kwanta, ya ɗebi na sama, ya bar na gindi. Kada a ajiye gas a mazubin da aka shafa wa tutiya, yana narkar da ita ta je ta toshe nozul. A cika tanki da yamma bayan aiki, domin tankin da ya kwana rabi yana yin raɓa a ciki in dare ya yi sanyi. Filta kuma a sayi ta gaske. Ta jabu a kasuwa kwalinta ya fi na asali kyau, amma takardar cikinta ba ta tare abin da ido ba ya gani, wanda shi ne ke yin ɓarnar.

Idan ta tabbata sai an kwance famfo, kafin a zare shi a yi alama a jikinsa da jikin inji, a kawo fistan na ɗaya kan alamar lokaci, a toshe duk bakin bututu da aka buɗe da murfi mai tsabta. A kai shi wurin mai injin gwaji, tare da nozul ɗinsa duka, domin tare suke aiki. Gwaji na gaskiya da wani mai na musamman ake yin sa, wanda ake ɗumamawa zuwa digiri 40, a juya famfo a gudu daban-daban, a gwada abin da ya zuba da alƙaluman da masana'anta ta rubuta wa wannan lamba ta famfo. Wanda ya buɗe famfo a kan buhu a ƙasa, iska na kaɗa ƙura, ya daidaita shi da kunne, sa'a yake nema da kuɗinka. Kai mai inji, ka tsaya a wurin ka ga kwalaben da idonka kafin gyara da bayansa, ka nemi a rubuta maka alƙaluman a takarda, ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire, kuma kada ka bar shagon sai an mayar da dalma a kan sukurun.